Maikel Farade: Ɗan Maƙerin da Littafi ya Buɗe wa Ƙofar Ilimi

Duk wanda ya taɓa hawan keke da dare, dinamo na gugar taya fitila na haskaka masa hanya, to ya ci moriyar aikin wani mutumin Ingila mai suna Maikel Farade. Mutumin nan bai yi nisa a lakkol ba. Iliminsa ya faro ne daga littattafan da aka rubuta da harshe mai sauƙi, kuma da ya zama babban masani bai manta da wannan bashi ba.

An haifi Farade ranar 22 ga watan Satumba 1791 a kudancin birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne, talaka, ga yawan ciwo. Akwai lokacin da burodi guda ne rabon yaron na mako ɗaya. Abin da ya samu a lakkol bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Da ya kai shekara 14 sai aka kai shi koyon sana'a wurin Jorj Ribo, mai ɗinke littattafai da sayar da su. Shekara 7 ya yi a shagon nan. Littafin da aka kawo a yi masa bango, shi kuwa sai ya karanta shi. Cikinsu har da na wata mata, Jen Marset, wanda ta tsara kamar hira tsakanin malama da ɗalibanta mata biyu a kan ilimin sinadarai, tambaya da amsa. Farade bai yarda da ji kawai ba. Ƴan kwabban da ya tara ya sayi kayan gwaji da su, yana jarraba abin da littafin ya faɗa, yana ganin gaskiyarsa da idonsa. Har tsufansa yana ɗaukar matar nan a matsayin malamarsa ta farko.

A shekarar 1812 wani mai zuwa shagon ya ba shi takardar shiga sauraron laccocin Hamfuri Debi, shahararren masanin sinadarai, a gidan binciken da ake kira Royal Institution. Farade ya rubuce abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Debi tare da roƙon aiki. Cikin watan Maris 1813 aka ɗauke shi mataimaki, mai wanke kwalabe da shirya kayan gwaji. Da suka tafi rangadin Faransa da Italiya, matar maigidan ta riƙa ɗaukarsa tamkar bara. Ya haƙura, don ya san abin da ya kai shi.

Mahaƙurci mawadaci. A 1821 ya nuna cewa wutar lantarki, wadda muke kira kuran, tana iya sa waya ta yi ta kewaya maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. Wannan shi ne mafarin injin da ke juyawa da kuran. A 1831 kuma ya gano akasin haka: idan aka naɗe wayar jan ƙarfe, aka motsa maganaɗisu a cikinta, sai kuran ya bi wayar, in motsin ya tsaya, kuran ya ɗauke. Dinamon keke, da injin ba da wuta, da manyan injunan madatsun ruwa, duk a kan wannan ƙa'ida suke aiki.

Duk da haka Farade bai rufe kansa cikin ɗakin bincike ba. A 1825 aka fara laccoci don yara a ƙarshen kowace shekara, shi da kansa ya gabatar da su sau 19. Mafi shahararsu su ne guda shida da ya yi a kan kyandir, waɗanda aka buga littafi a 1861. Da abin da kowa ya sani ya fara. Ya nuna yadda zafi ke narkar da kakin kyandir, kakin ya hau lagwani kamar yadda ruwa ke hawan tsumman da aka tsoma bakinsa a kwano, sa'an nan ya zama tururi ya kama wuta. Ya nuna cewa hasken yana fitowa daga ƙananan ƙwayoyin baƙin hayaƙi da suka yi zafi ƙwarai, kuma in an kife kwalba a kan kyandir sai ya mutu don rashin iska. Daga ƙarshe ya nuna cewa iskar da ƙunar ke haifarwa irinta ce mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi. An fassara littafin cikin harsuna da yawa. Akira Yoshino na Japan, wanda ya samu lambar Nobel a 2019 saboda aikinsa a kan batirin da ke cikin wayoyin hannu, ya bayyana cewa littafin nan da ya karanta yana yaro shi ya sa masa sha'awar kimiyya.

Farade mutum ne mai gudun girma. Sau biyu ana ba shi shugabancin babbar ƙungiyar masanan Ingila yana ƙi. Da gwamnati ta nemi ya taimaka a haɗa iska mai guba lokacin yaƙin Kirimiya, bai yarda ba. Lissafi mai zurfi kuwa bai taɓa iyawa ba. Wani masani, Jems Makswel, shi ya zuba tunaninsa cikin lissafi daga baya. Da tsufa ya zo, mantuwa ta kama shi, ya koma gidan da Sarauniya Biktoriya ta ba shi, inda ya rasu ranar 25 ga watan Agusta 1867. Shi da matarsa Sara ba su samu haihuwa ba.

Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci, kada ya ce karatunsa kaɗan ne. Da irinsa Farade ya fara. Masana da ma'aikata kuma su tuna cewa da matar nan ta rubuta littafinta don manyan malamai kaɗai, da ɗan maƙeri bai gane ko shafi ɗaya ba. Wanda ya koyi karatu yana bukatar abin karantawa cikin harshen da yake ji.