Rayuwar Fulorans Naitingel, Uwar Aikin Jinya

Ya kai mai karatu, in ka taɓa jinyar wani naka a asibitin Gure ko na Damagaram, ka san abin da mara lafiya ya fi bukata bayan magani: tsabta, da wanda zai ji kiransa cikin dare, da takardar da za ta nuna abin da aka yi masa. Waɗannan abubuwa suna da tarihi, kuma sunan wata mace ƴar Ingila yana kan gaba a cikinsa.

Haihuwarta da karatunta

An haifi Fulorans Naitingel ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Fulorans na ƙasar Italiya, inda iyayenta suka je yawon buɗe ido. Sunan birnin aka sa mata. Gidansu gidan arziki ne. Mahaifinta da kansa ya koya mata harsuna da tarihi, ita kuma ta duƙufa kan lissafi.

A zamanin nan ba a ɗauki aikin jinya da daraja ba, don haka iyayenta suka ƙi yarda ta shiga. Ta yi haƙuri shekara da shekaru, har a 1851 ta sami horo na wata uku a ƙasar Jamus.

Ƙararrawar mara lafiya

A 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a birnin Landan. Gidan bene ne. Ta lura cewa masu jinya suna ƙare ƙarfinsu wajen hawa da sauka, suna ɗaukar ruwa da abinci, majiyyata kuwa suna kwance ba mai jin kiransu.

Sai ta kawo dabaru uku. Ta sa aka ja ruwan zafi ta famfo zuwa kowane hawa. Ta sa aka kafa wata naɗa mai igiya da ke ɗaga abinci daga madafa zuwa sama. Ta kuma sa aka haɗa ƙararrawa daga wurin majiyyata zuwa ƙofar mai jinya. Idan aka kaɗa ta, wani ɗan murfi ya buɗe, ya tsaya a buɗe, don a san wanda ya yi kira. Maɓallin da ake dannawa a gefen gado a manyan asibitocin yau, wannan aiki yake yi.

Yaƙin Kirimiya

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha, suna taimakon Turkiyya. A watan Nuwamba na shekarar, Fulorans ta isa asibitin soja na Sukutari, kusa da Istambul, da mata 38 masu jinya. Ta tarar da ƙazanta da cunkoso da rashin abinci mai kyau. Kwalara da atuni da zazzaɓin taifot sun fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. A hunturun farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a can.

Ta tsara wanki da girki da rabon tufafi. Da dare takan zaga da fitila tana duba majiyyata, shi ya sa aka yi mata laƙabi da Mai Fitila. Takan rubuta wa iyalan waɗanda suka rasu wasiƙa, ta kuma shirya wa sojoji hanyar aika kuɗi gida. A watan Maris na 1855 gwamnati ta turo kwamitin tsabta, aka yashe magudanan ƙazanta, aka gyara mashigar iska. Daga nan mace-mace suka ragu ƙwarai.

Alƙalami da lissafi

Ta koma gida a 1856. Ita da wani masanin ƙididdiga, Wiliyam Far, suka bi adadin waɗanda suka mutu wata bayan wata. Ta zana sakamakon a hoto mai launi, yadda mai mulki zai gane da kallo ɗaya cewa ƙazanta ce ta cinye yawancin rayukan. Ta nemi kowane asibiti ya riƙa rubuta bayanan majiyyata bisa tsari ɗaya, don a iya gwada wannan da wancan.

A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin Sen Tomas na Landan. Ɗalibanta suka bazu cikin ƙasashe suna buɗe irinta. Ta yi yawancin wannan aiki tana kwance, don ciwon da ta ɗauko a Kirimiya ya daɗe tare da ita. Ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Ranar haihuwarta ce duniya ta ware don tunawa da masu aikin jinya.

Abin koyi gare ka

A yau wayar salula tana kiran motar asibiti, kwamfuta tana ajiye bayanan majiyyata. Amma na'ura ba ta amfani sai da mai kula. Kai ma kana da naka rabon:

1. Ka adana katin asibiti na iyalinka, ka je da shi duk lokacin da za ka ga likita.
2. Ka rubuta lambar wayar asibitin da ya fi kusa da kai, ka ajiye inda kowa zai gani.
3. Ka karanta ƙa'idar shan magani. In ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka bar asibiti.
4. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa mara lafiya, da bayan ka taɓa shi.

Karatun da kake koyo yanzu shi zai ba ka ikon yin ukun farko ba tare da ka nemi mai karanta maka ba.