Izak Niyuton, masanin da ya gano ƙa'idar jan juna

An haifi Izak Niyuton a shekara ta 1642, a wani ƙauye na ƙasar Ingila. Ubansa manomi ne, ya rasu wata 3 kafin haihuwarsa. Da yaron ya tasa, uwarsa ta fid da shi daga lakwal don ya tsare gona, amma hankalinsa na ga littattafai. Da aka ga noma ya faskara, aka maida shi karatu, har ya shiga jami'ar Kambirij a 1661.

A 1665 annoba ta sa aka rufe jami'ar, ya koma ƙauye. A can ne, bisa abin da shi kansa ya faɗa bayan ya tsufa, ya ga tuffa ta faɗo daga itace, ya tambayi kansa ko ƙarfin da ya jawo ta ƙasa yana kaiwa har ga wata. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka na doron ƙasa wajen sau 60. Lissafi ya nuna jan da ke riƙe da wata ya gaza na doron ƙasa sau 3600, wato 60 sau 60.

Ga ƙa'idar: kowane abu yana jan ɗan'uwansa gwargwadon nauyinsu, in kuwa nisa ya ninka biyu, jan ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da ita ya bayyana tafiyar duniyoyi kewaye da rana, wadda Kepila ya siffanta tun 1609, da kuma hawa da saukar ruwan teku.

Niyuton mutum ne mai ɓoye aikinsa, ba ya son gardama. Sai da Edmon Hali ya ziyarce shi a 1684, ya matsa masa, ya kuma biya kuɗin ɗab'i, sannan littafinsa Principia ya fito a 1687. Robat Huk ya ce shi ya fara kawo ra'ayin, gaba ta shiga tsakaninsu har mutuwar Huk.

Niyuton ya rasu a 1727. A 1846 Bafaranshe Laveriye ya bi ƙa'idar tasa, ya lissafta inda wata duniya take tun ido bai gan ta ba; aka duba, aka sami Naftun. A 1915 Ainishtain ya zo da bayanin da ya fi nasa daidai, amma har yau da lissafin wannan maraya ake ɗora taurarin ɗan'adam bisa hanyarsu.