Tarihin Gwamna Girouard, Mai Hanyar Jirgin Ƙasa

A zamanin En'e duk ma'aikaci ya san sunan Gwamna Lugga, amma kaɗan ne suka riƙe sunan wanda ya gaje shi, watau Sir Percy Girouard. Shekara biyu da 'yan watanni kaɗai ya yi a ƙasar nan, amma aikin da ya bari ya taɓa kowane gari, har da Yelwa wadda hanyar jirgi ba ta biyo ba.

Asalinsa

An haife shi a birnin Montreal na ƙasar Kanada ran 26 ga Janairu, 1867. Kakanninsa mutanen Faransa ne da suka ƙetare teku suka zauna can. Ubansa, Désiré Girouard, lauya ne, ya daɗe cikin majalisar ƙasa, kana a 1895 aka naɗa shi alƙali a babbar kotun Kanada, yana kan aikin har ya rasu a 1911. Ɗan bai bi hanyar shari'a ba. Ya shiga makarantar soja ta Kingston, ya fita a 1886, ya yi shekara biyu yana koyon awon hanya wajen kamfanin jirgin ƙasa. A 1888 ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila, aka ɗora shi bisa jiragen ma'aikatar makamai ta Woolwich.

Aikinsa a Sudan da Afirka ta Kudu

A 1896 Kitchener ya kira shi yaƙin Sudan. Aka umurce shi ya ratsa hamada da hanyar jirgi daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, kimanin mil 230, inda ba gari, ba inuwa, ruwan sha ma sai jirgin ya ɗauko. Ya gama cikin 1897. Wannan hanya ce ta kai sojan da suka karya rundunar Halifa Abdullahi a Omdurman a 1898. Daga nan ya shugabanci jiragen ƙasa na Masar, sa'an nan na Afirka ta Kudu lokacin yaƙin 1899 zuwa 1902.

Zuwansa ƙasar nan

A 1907 ya iso Zungeru, hedkwatar Arewa a wancan zamani. Aka zaɓi Baro a bakin Kwara ta zama mafarin hanya, don jirgin ruwa yana iya kawo ƙarafa can daga teku in kogi ya cika. Ba a ba ɗan kwangila aikin ba, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ce ta yi, a ƙarƙashin John Eaglesome, don a rage kashe kuɗi. Tsawon hanyar mil 356, ta bi ta Minna da Kaduna da Zariya. Ƙarfe ya isa Kano a 1911, aka buɗe wa 'yan kasuwa a 1912, bayan shi Gwamnan ya riga ya tashi tun 1909.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi hannun da ya yi aikin. Gwamna ya ce wa Razdan, Razdan ya ce wa Sarki, Sarki ya ce wa hakimi, hakimi ya ce wa dagaci, dagaci kuwa ya tsamo mutane daga gonakinsu. Dubban Nufawa da Gwarawa da Zagezagi suka sare daji, suka yi ta haƙa da diga, suka ɗauki ƙasa a ka. Ana biyansu lada da tsabar kuɗi, abin da ya taimaka wuri ya ja baya, amma da yawa ba da son ransu suka je ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi har waƙa ya yi a kan wannan aiki, ana kiranta Waƙar Diga. Sunan Gwamna yana cikin littattafai, sunayensu su kuwa babu wanda ya rubuta.

Turawa sun sa ran auduga jirgin zai kwasa, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma kanta. Mu kuma a Yawuri abin ya zo mana ta wata fuska. Tun zamanin da ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan ƙetare Kwara ta wannan yanki, masu kwalekwale da masu masauki suna samu. Da goro ya koma zuwa Ikko ta teku, ya hau jirgi zuwa Kano cikin 'yan kwanaki, sai ayari ya yi ta raguwa.

Maganar ƙasa

Abu na biyu da ya bari shi ne dokar ƙasa. Ya nace cewa ƙasar Arewa ba ta sayarwa ba ce, amana ce a hannun hukuma don amfanin 'yan ƙasa. Shawararsa ce ta haifi dokar 1910, wadda ta hana baƙi mallake gonakin talakawa.

Abin mamaki, maganar ƙasa ce ta kayar da shi. Da aka mai da shi Gwamnan ƙasar da daga baya aka kira Kenya, sai a 1911 aka tashi makiyayan Masai daga Laikipiya, wurin da aka yi musu alkawari a 1904, don a ba Turawa masu gonaki. Ofishin mulkin mallaka a London ya gane bai faɗa musu gaskiyar alkawuran da ya yi wa Turawan ba. A 1912 ya ajiye aiki, ya koma kamfanin ƙera makamai a Ingila, bai ƙara riƙe wata ƙasa ba.

Ƙarshensa da zuriyarsa

A 1903 ya auri Mary Gwendolen, 'yar Sir Richard Solomon na Afirka ta Kudu, suka sami ɗa guda, Richard. Jikansa Mark Girouard ya yi suna wajen rubuta tarihin gine-gine, ya rasu a 2022. Shi kuwa Sir Percy ya rasu a London ran 26 ga Satumba, 1932, yana da shekara 65.

To, 'yan'uwa ma'aikata, ga mutum mai gwaninta wanda hamada ba ta gagare shi ba, amma riƙon alkawari ya gagare shi. Duk takardar da ta bi ta hannunmu, ta haraji ce ko ta gona, akwai talaka a ƙarshenta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.