Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin Da Ya Ɗaga Darajar Zazzau

A cikin mazan jiya da ƙasar Zazzau ke alfahari da su, akwai wanda bai hau karaga ba, bai ja runduna ba, amma sunansa ya ƙi ɓacewa. Shi ne Malam Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, duniya kuma ta san shi da laƙabin Babban Gwani.

Ya rayu a ƙarni na 19, lokacin da sarakunan Daular Usmaniyya ke gina masallatai da fadoji. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, aka damƙa masa aikin Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Kayan aikinsa ba su wuce na kowane magini ba: tubalin ƙasa da azarar giginya, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Gwanintarsa tana wajen sarrafa su. Yakan jera azara gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, tulluwa ta zauna a kansu. Da haka ya rufe fili mai faɗi, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai kwarjini.

Sunansa ya kai nesa. Ana danganta masa gine-gine a ƙasar Bauchi, ciki har da Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda aka sa cikin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956. Ruwayar baka ta nuna cewa a Birnin Gwari ajalinsa ya same shi, bayan ya kammala wani masallaci, domin gudun kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sana'ar gini a birnin Zariya.

Ginin ƙasa kuwa ba ya rayuwa sai da kulawa. Kowace shekara yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin damina. A shekarun 1970 aka sake fasalin masallacin, aka rufe abin da ya rage na tsohon ɗakin salla cikin sabon ginin siminti. Abin da ya taimaki tarihi shi ne, tun kafin nan wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Folan, Farfesa Zbigniew Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi dalla-dalla. Da wannan awon aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Masanin ya rasu a 1982, aka buga littattafansa uku kan gine-ginen Nijeriya a 1990.

A nan darasin yake gare mu, 'yan'uwa mazauna Kaduna da Legas da Abuja. Sau da yawa ɗan gari yakan aiko da kuɗi da kyakkyawar niyya a gyara zauren kakanni, sai a shafe shi da siminti. Simintin ya hana bango shan iska, danshi ya taru a ciki, wata rana ya rufta. Kuɗi kaɗai ba ya ceton tsohon gini, sai an haɗa da sani.

Saboda haka, kafin a taɓa tsohon soro ko ƙofar gari ko ganuwa, a nemi tsofaffin magina da suka san makuba da laso. A tuntuɓi Sashen Zanen Gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, a auna, a ɗauki hoto, a adana. A kuma tallafa wa matasa su koyi sana'ar a hannun masu ita tun suna raye.

Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya ba mu ikon riƙe amanar da ya bari, amin.