Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Marubucin Ruwan Bagaja

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan ya zama malami a Midil ta Katsina.

A zamanin nan yaro kan koyi boko amma ya rasa littafin labari da zai karanta da harshensa. Saboda haka a 1933 Rupert East na Ofishin Fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuto labarai. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja.

Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, domin ya wanke tsohon limamin da aka wulaƙanta a fada. Ya ƙetare dazuzzuka da garuruwa, ya sha wuya, ya yi ta karawa da Malam Zurƙe. Ba takobi ke fid da shi ba, wayo ne, wani lokaci ma wayon da malamin makaranta ba zai so almajiransa su kwaikwaya ba. Watakila abin da ya sa samari suka riƙe littafin ke nan.

A 1936 ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga baya ya yi wa gwamnatin Arewa ayyuka. Ya rasu a Zariya a 1981. Allah ya jiƙansa.