Elia Kazan: Ɗan Baƙin Da Ya Mai Da Hijirar Baffansa Fim

An haifi Elia Kazan a Istanbul ranar 7 ga Satumba, 1909. Iyayensa Girkawa ne, Kiristoci 'yan tsiraru a ƙarƙashin daular Turkawa, masu rayuwar kaffa-kaffa da hukuma. Baffansa ne ya fara tsallakawa Amurka, ya kafu da fataucin darduma, sannan ya riƙa janyo dangi, kamar yadda ɗan ci-rani kan yi idan ƙafarsa ta tsaya. A 1913 Elia ya sauka New York. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a sana'ar darduma, amma mahaifiyarsa ta tsaya masa ya yi karatu, har ya koyi wasan kwaikwayo a Jami'ar Yale.

Ya yi suna da wuri, ya ci kyautar Oscar ta ba da umarni sau biyu. Sai dai fim ɗin da ya fi ƙauna shi ne America America na 1963, wanda ya gina bisa tafiyar baffan nasa. Labarin saurayi ne da dangi suka damƙa wa dukiyarsu, aka yashe shi a hanya, ya koma dako a Istanbul, ya sha wulaƙanci yana murmushi. A ƙarshe da sunan wani ya shiga Amurka. Murmushin nan na wanda aka danne, mai ɓoye tsoro da fushi, Kazan ya san shi tun daga fuskar mahaifinsa.

Da wuya a raba wannan gado da abin da ya zubar masa da mutunci. Ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis, daga 1934 zuwa 1936. A Afrilun 1952, sa'ad da majalisar wakilan Amurka ke farautar masu wannan ra'ayi, ya bayyana gaban kwamitinta ya ambaci sunayen tsofaffin abokan aikinsa takwas, a zamanin da ambaton suna kan raba mutum da sana'arsa. Tasa sana'ar ta tsira. Amininsa, marubuci Arthur Miller, ya ƙaurace masa na shekaru.

Da aka ba shi Oscar ta karramawa a 1999, wasu a zauren sun miƙe suna tafi, wasu sun harɗe hannu suna zaune. Ya rasu a New York ranar 28 ga Satumba, 2003, yana da shekara 94.