Lucy Kumm da Gidan 'Yantattun Yara na Rumasha

An haifi Lucy Guinness a shekara ta 1865, a gidan mai wa'azin bishara Henry Grattan Guinness. A Ingila ta wancan zamani, yaron da ya rasa iyaye, makomarsa gidan matalauta ne na hukuma, inda ake raba iyali, a sa mutane aiki mai tsanani a bakin abinci. Waɗansu masu bi ba su yarda da haka ba. Cikinsu akwai Thomas Barnardo, almajirin mahaifin Lucy, wanda ya buɗe gidan yara maza a gabashin Landan a 1870.

Lucy ta tashi da wannan nawaya a zuciyarta. Tana budurwa ta ɓad da kama, ta shiga cikin 'yan mata ma'aikatan masana'antu a gabashin Landan domin ta ga wahalarsu da idonta, sa'an nan ta rubuta abin da ta gani a 1886. Alƙalami ya zama makaminta har ƙarshen ranta.

A 1900 ta auri Bajamushe Karl Kumm a birnin Alƙahira. Su biyu suka yi ta kira ga ikilisiyoyin Birtaniya, har aka kafa mishan ta SUM a 1904. A shekarar ce Karl ya jagoranci ayari na fari zuwa Wase, ita kuwa ta tsaya a gida tana rubutu, tana tattara masu addu'a da masu bayarwa.

A lokacin, ƙasar Arewa tana cikin babban sauyi. Dokar Lugard ta 1901 ta hana cinikin bayi, a 1903 kuma Kano da Sakkwato da Katagum suka shiga hannun Turawa. Amma ƙwato yaro daga hannun fatake bai ƙare matsalarsa ba. Da yawa an sace su tun suna ƙanana, ba su san garinsu ba, balle sunan iyayensu. Gwamnati ta buɗe musu gidaje a Zungeru da Borno.

Lucy ta rasu a 1906 a Northfield ta Amurka, sanadin ciki da ya zauna a wajen mahaifa. Tana da shekara 41, ta bar 'ya'ya maza biyu. A kwanakinta na ƙarshe tana rubuta littafi ne a kan zaluncin da ake yi wa mutanen Kwango.

Domin tunawa da ita, SUM ta gina gidan 'yantattun yara a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, aka sa masa sunanta. A 1909 aka kawo yara daga gidan gwamnati na Zungeru. Nan suka sami abinci da sutura da magani, suka koyi karatu da Littafi Mai Tsarki da aikin hannu. Daga baya aka mai da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925, bayan cinikin bayi ya ja baya. Waɗansu daga cikin yaran sun zama malamai da masu bishara.

Wasiƙar Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu cikin ainihin ibada. A Azare da sauran garuruwanmu, marayu suna nan kusa da ƙofofinmu. Allah ya ba kowane gida na masu bi zuciyar buɗe musu ƙofa.